Yadda Matar da Aka Saka Za Ta Nemi Haƙƙinta na Ciyarwa

A yawancin gidajenmu, da zarar miji ya miƙa takardar saki, matar takan ɗaure 'yan tufafinta a zani, ta goya ƙaramin ɗanta, kafin la'asar ta isa gidan iyayenta, kuma tun daga wannan fitar ake fara asarar haƙƙoƙin da shari'a ta ba ta. Aya ta 1 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita da kanta har idda ta cika. Idan akwai tsoron duka ko wata cutarwa, to tsira da lafiya ne kan gaba, amma ko a nan ya kamata waliyyinta da mai unguwa su san dalilin fitar tun a ranar.

Abu na farko shi ne a tantance irin sakin, domin a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na arewacin Najeriya suke hukunci da ita, a kansa komai ya rataya. Idan saki ɗaya ne ko biyu, wanda ake iya kome a cikinsa, ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna wuyan miji har ƙarshen idda. Idan kuwa saki uku ne, ko hul'i inda ita ta fanshi kanta, matsuguni kawai take da shi, sai fa in tana da juna biyu, wanda a nan ciyarwa ta wajaba har ta haihu. Wadda aka saka kafin tarewa da saduwa ba ta da idda, amma rabin sadakin da aka yanka nata ne. Ita idda tsarki uku ce ga mai yin al'ada, wata uku ga wadda ta daina, haihuwa kuma ga mai ciki, saboda haka a rubuta ranar sakin, a adana takardar, a kuma ɗauki hotonta a waya. In da baki aka yi sakin, a tabbatar da shi a gaban shaidu biyu adalai. Kyautar rabuwa da ake kira mut'a abin so ce a Malikiyya, alƙali ba ya tilasta ta.

Batun 'ya'ya ne ya fi nauyi, kuma a nan al'ada ta fi yi wa mata kwange. Maganar da ake yawan ji cewa da an yaye yaro sai ya koma gidan ubansa ba ita ce hukuncin Malikiyya ba. Uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta yi aure ta tare, kuma idan uwar ta sake aure, riƙon yakan koma hannun kakar yaran ta wajen uwa kafin a kai ga dangin uba. Duk tsawon wannan lokaci abincinsu da suturarsu da wurin kwanansu a kan uba suke, ko da uwar tana da sana'arta. Wadda aurenta ya yanke tana kuma iya neman ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa. Abin da nake so kowace uwa ta riƙe shi ne cewa kuɗin ciyar da 'ya'ya na watannin baya yakan faɗi, sai in alƙali ya riga ya yanke shi, ko an tabbatar cewa wanda ya ciyar bai yi da niyyar kyauta ba. Matar da kunya ta sa ta yi shiru shekara uku tana sayar da ƙosai don ta ciyar da yara huɗu, za ta sha wuya kafin ta karɓi ko sisi na abin da ya wuce, don haka kada a jinkirta.

A fara da sulhu ta hannun waliyyai, in bai yiwu ba a je wurin mai unguwa ko ofishin Hisba a jihohin da ke da ita, kamar Kano. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, da adadin kuɗi da ranar biya a kowane wata, kowa ya sa hannu.

Idan sulhu ya ci tura, sai a nufi kotun Shari'a mafi kusa, a shigar da ƙara wurin magatakarda, a biya kuɗin sammaci a karɓi rasiti. Ba dole ba ne a ɗauki lauya, amma mai buƙata tana iya neman taimako kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. A tafi da takardar saki, da takardun haihuwar yara, da rasitan makaranta da na asibiti, da lissafin abin da gidan ke ci a wata, kwano nawa na masara ko shinkafa, nawa na cefane, nawa na sabulu. Alƙali yana yanke adadi gwargwadon ƙarfin miji, bisa aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, shi ya sa duk wata shaida a kan albashinsa, shagonsa ko gonarsa take da amfani. A roƙi kotu ta sa a riƙa biya ta asusun banki ko ta hannun magatakarda, domin a samu shaidar kowane biya. In ya ƙi bin hukunci a koma kotun da ta yanke shi, in kuma hukuncin ne bai gamsar ba a ɗaukaka ƙara da wuri zuwa babbar kotun Shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha.

Wadda aka ɗaura aurenta a rajista ƙarƙashin dokar gwamnati, tata hanyar daban ce, domin babbar kotun jiha ce ke sauraron buƙatarta, bisa sashe na 70 na dokar shari'o'in aure ta 1970.