Kurakuran da muke yi a binciken manufofin ilimi, da yadda za mu gyara

Duk ƙarshen zango teburina yakan cika da kundayen ɗalibai, kuma tun kafin in buɗe babi na biyar, babin shawarwari, na san abin da zan tarar: ya kamata gwamnati ta ƙara kuɗin ilimi, ya kamata iyaye su tura 'ya'yansu makaranta. Na daɗe ina koyarwa a sashen ilimi a nan Kebbi, kuma wasu daga cikin kurakuran nan ni ma na yi su a rubutuna na farko. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yaran da muke rubutu a kansu suna nan a Kamba da Bagudo da Zuru, suna jiran abin da zai canza ajinsu.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar abin da takarda ta ce a matsayin abin da ke faruwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin asusun gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na Abuja. Sai ɗalibi ya kwafo wannan ya ce ilimi kyauta ne, ya wuce. Ai nan aikin ya fara. Ka bi manufar ƙafa da ƙafa, daga UBEC zuwa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Birnin Kebbi, zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, zuwa teburin hedimasta. A kowace tasha ka tambayi abin da ya iso, da yaushe ya iso, da abin da ya maƙale a hanya. Ka kuma tambayi uwa nawa take kashewa a yunifom da littafin rubutu da kuɗin tara. Tazarar da ke tsakanin doka da aljihun uwar nan ita ce bincikenka.

Na koyi wannan ne a wata firamare ta ƙauyen bakin fadama. Na zauna a ofis na kwashe alƙaluman rajista tsaf, har na fara lissafin yara nawa ke kan malami ɗaya. Da na leƙa aji huɗu, sai na ga waɗanda ke zaune a tabarma ba su kai rabin sunayen da ke littafi ba. Hedimasta, dattijo mai haƙuri, ya dube ni ya ce, "Malam, ka zo ranar da kasuwa ta ci, kuma ga yankan shinkafa. Ɗiyan suna fadama. Ka komo bayan sati ukku, ka gani da idonka." Na koma, na tarar da aji a cike kafin tara, bayan tara kuma 'yan mata da yawa sun tafi talla. Rajista tana gaya maka wanda aka rubuta sunansa ne kawai. Don haka ka je makaranta sau uku aƙalla, a ranaku daban da lokutan shekara daban, ka ƙirga kawuna da safe, ka sake ƙirgawa bayan an dawo tara. Ka rubuta ranar da ka je, ko ranar kasuwa ce, ko Juma'a ce, ko lokacin shuka ne.

Sai takardar tambayoyi, wadda ta zama mana kamar gado. A rubuta ta da Turanci, a buga ɗari biyu, a ajiye wa hedimasta a ce za a dawo jibi. Na sha karɓar irinsu duk da biro ɗaya, da rubutun hannu ɗaya. Ba na ganin laifin wanda ya cike, an ɗora masa aikin da ba nasa ba ne. Ka mayar da tambayoyinka cikin harshen masu amsawa, ka gwada su a kan mutum biyar ko shida ka ga inda suka kasa fahimta, sannan ka zauna ka karanta wa kowa da bakinka. Kada kuma ka manta Kebbi ba Hausa kaɗai ake ji ba. Akwai Dakarkari a ƙasar Zuru, Kambari da Gungawa a ƙasar Yawuri, Zabarmawa da Dandawa a wajen Kamba, ga Fulani a rugage. Idan kuma maganar karatun 'ya mace ce, ka nemi mace ta shiga cikin gida ta yi hira da iyaye mata. Amsar da maigida zai ba ka a zaure ba ita ce duk labarin ba.

Akwai wani kuskure da yake ɓata mini rai fiye da saura. Mai bincike ya rubuta "yaran da ba su zuwa makaranta", ya cusa kowa a buhu ɗaya, wani ma har ya kira su marasa ilimi. A ƙasar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda 'Yan Taru, mata almajiran Nana Asma'u, suka bi gida gida suna karantar da mata tun ƙarni na 19, wannan maganar ba ta dace da mu ba. Yaron da ke makarantar allo daban, wanda ke Islamiyya da yamma daban, wanda ya fara boko ya bari a aji uku daban, wanda bai taɓa zama gaban kowane malami ba shi ma daban. Maganin kowannensu ba ɗaya ba ne. Ka raba su a tambayoyinka, ka ce "bai shiga boko ba" idan abin da kake nufi ke nan.

Alƙaluma kuwa, kada ka kawo lamba ba shekara ba tushe. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a 2006 aka yi ta, duk adadin yara da ka gani bayan nan kintace ne aka ɗora a kanta. Binciken gidaje na MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya ware sakamako jiha jiha, ka nemi asalin rahoton, ka bar abin da ka tsinta a Facebook. Ka tuna kuma an cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara a 1996, saboda haka tsohon adadin "Sakkwato" ya haɗa da mu duka.

Matsalar tsaro ta kawo nata kuskuren. Tun bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 da ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin shekarar, masu bincike da yawa suka tsaya a makarantun cikin gari. Wannan ba aibi ba ne, kuma ban yarda malami ya tura ɗalibinsa hanyar da shi ba zai bi ba. Aibin shi ne a ziyarci makarantu biyar a cikin Birnin Kebbi, a sa wa kundi taken "jihar Kebbi" mai ƙananan hukumomi 21. Ka faɗi inda ƙafarka ta tsaya, ka daidaita takenka da shi. Wanda ya ba ka labarin harin da aka kai ƙauyensu kuwa, kada sunansa ko sunan ƙauyen ya fito a rubutunka, kuma ka kwashe muryarsa daga wayarka da zarar ka isa gida.

Mu malamai ma muna da namu. Lokacin ƙarin girma ya matso, sai a yanka bincike ɗaya gida uku, a tura wa mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin sati ba tare da wani masani ya duba ba. Wani ya ɗora sunansa a kan furojet ɗin ɗalibi alhali ko babi ɗaya bai gyara ba. Na san uzurin, ga ɗaruruwan takardun jarrabawa, ga taron kwamiti, ga wuta babu, ga albashi ba ya kai wata. Mun kuma saba cewa sai an samu hutu za mu yi rubutu, amma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya kai wata takwas, kuma ni kaina abin da na rubuta a cikinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya yi mini aiki shi ne awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ko sakin layi biyu ne. Tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, kuma yana nan ga jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha na gwamnati, sai dai mukan fara rubuta takardar nema ana saura kwana biyu a rufe. Ka ajiye ta a shirye tun kafin a yi sanarwa, ka ba wani abokin aiki ya tsefe maka ita.

Mu koma babi na biyar. Shawarar da ta ce "gwamnati ta yi" ba ta da mai ita. Ka ambaci wanda zai yi, da abin da zai yi, da abin da ke hannunsa: sakataren ilimi ya sake rabon malamai tsakanin makarantun cikin gari da na ƙauye, kwamitin kula da makaranta ya zauna da hakimi da iyaye kan ranar kasuwa da lokacin girbi. Sannan ka taƙaita abin da ka gano a shafi biyu da Hausa, ka mayar wa waɗanda suka ba ka lokacinsu. Na kai wa dattijon hedimastan nan nawa bayan damina. Ya karanta a tsaye a bakin ofis, ya nuna mini wuri ɗaya da na yi kuskuren ranar kasuwarsu, sannan ya aiki yaro ya kira shugaban kwamitin iyaye domin a karanta masa.