Kafin ka yi wa had-dis fomat, duba wannan ɗan akwatin

Idan ka buɗe This PC a Windows, ka danna ɓangaren dama na linzami a kan had-dis ko filas, ka zaɓi Format, za ka ga wani ɗan akwati a ƙasa an rubuta Quick Format, an kuma riga an sa masa alama. Yawancin mutane ko kallonsa ba sa yi. Ni da nake gyaran kwamfuta a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, shi nake fara tambayar duk wanda ya ce min ya goge komai.

In ka bar alamar, fomat na gaggawa ka yi, daƙiƙu kaɗan an gama. Amma ba a taɓa fayilolinka ba. Kamar mai sito ne ya yaga littafin da ya rubuta inda kowane buhu yake, buhunan kuwa suna nan jibge. Kwamfuta za ta nuna fili fetal, alhali hotuna da takardu suna kwance har sai sabon abu ya hau kansu. Manhaja irin Recuva ko PhotoRec, da ake saukewa kyauta, tana iya tono da yawa daga ciki.

Abin da ke damuna ke nan. Ɗalibi ya gama jami'ar ATBU, ya sayar da laftof don kuɗin mota, a ciki akwai hoton katin NIN ɗinsa, takardun banki, hotunan bikin ƙanwarsa da matan gida. Ya yi na gaggawa, hankalinsa kwance. Wanda ya saya fa, ka san halinsa?

Cikakken fomat shi ne ka cire alamar sannan ka danna Start. Tun daga Windows Vista na 2007, wannan yana bin had-dis ɗin kaf yana rubuta sifili a kowane gurbi, yana kuma keɓe guraben da suka lalace don kada a sake ajiya a kansu. Na XP dubawa kawai yake yi, ba ya shafewa. Mai tera 1 zai ci awanni, musamman ta USB, don haka ka tabbatar batir ya cika ko janareta na aiki, ka kuma hana laftof ɗin yin barci. In wuta ta katse a tsakiya, sai an sake daga farko.

To wanne za ka zaɓa? Had-dis naka ne, lafiyarsa ƙalau, wajenka zai zauna: na gaggawa ya wadatar. Zai bar hannunka, ko na hannu ka saya, ko ya fara liƙewa: yi cikakke, amma ka kwashe abin da kake so tukuna. Wanda ke ƙara ƙas-ƙas kuwa fomat ba zai warkar da shi ba, canji yake nema.

Windows ba zai bari ka yi wa C, wato ɓangaren had-dis ɗin da aka girka shi a ciki, fomat yana kai ba. A Windows 10 da 11 ka shiga Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, ka kunna Clean data. SSD kuma, wato ma'ajiyar zamani mai sauri da ake sawa a madadin had-dis, na gaggawa ya ishe shi a hidimar yau da kullum, yawan cika shi da sifili gajiyar da shi yake.

Idan kuwa hannu ne ya kuskure ka yi na gaggawa, zare had-dis ɗin nan take. Ko waƙa ɗaya kada ka tura masa, kuma manhajar dawo da fayil a wata ma'ajiya daban za ka girka ta.