Yadda za ka zaɓi jami'a in aikin harkar kuɗi kake so kuma kana son jin daɗin zaman makaranta

Fara da sashen da za ka karanta, sunan makaranta ya biyo baya. Kafin ka cike fom ɗin JAMB ka duba ko kwas ɗin akanta ko na banki ko tattalin arziki a wannan jami'ar yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, sannan ka tambaya ko ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ta amince da sashen, don in ta amince ana ɗauke maka wasu darussa a jarabawarsu, wannan kuwa ragin lokaci ne da kuɗi sosai.

Sai maganar shekaru, kuma wallahi nan ne yara da yawa suke faɗawa rami. Bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG da PwC in za su ɗebi sababbin ma'aikata yawanci digiri mai darajar 2:1 (babban mataki na biyu) suke nema, ga kuma iyakar shekaru, to kai lissafa, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye, ga bautar ƙasa shekara guda, in ka shiga a makare ko ka tara darussan da za ka maimaita sai ka fito da digiri amma ƙofar ta rufe. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa wannan yajin amma kuɗinsu ba wasa ba, ka zauna da Baba ku yi lissafi na gaskiya tun yanzu.

Daga nan ka kalli garin. Kasuwar hannun jari da hedikwatar yawancin manyan bankuna a Legas suke, shi ya sa ɗan UNILAG samun wurin koyon aiki lokacin hutu ya fi masa sauƙi, sai dai haya da kuɗin mota za su gaya maka. Abuja akwai CBN da SEC, mai kula da kasuwar hannun jari, da NDIC, mai inshorar ajiyar banki. In kuma bankin Musulunci ne a ranka, irin su Jaiz, BUK tana da cibiya ta musamman a kan wannan fannin, ga Kano kanta kasuwa ce daga Kwari har Singa.

Yanzu zaman makaranta. Ni ban yarda da masu cewa ka manta da shi gaba ɗaya ba, aikin kuɗi aikin mutane ne, wanda kuka ci abinci tare a hostal shi ne gobe zai turo maka sanarwar ɗaukar aiki. ABU Zariya misali tun 1962 aka kafa ta, ba ma'aikatar da za ka shiga ba ka tarar da ɗan ABU ba, kuma a can za ka zauna da mutane daga kowace jiha. Abin dubawa shi ne wane irin zama ne, ƙungiyar ɗaliban akanta ta NUASA tana motsi a can? Ana kawo ma'aikatan banki su yi lakca? Ko kuwa biki ne kawai duk ƙarshen mako?

Amsar wannan ba ta cikin takardar talla. Nemi ɗan aji uku a sashen, ba ɗan aji ɗaya da har yanzu ɗoki ke ɗibarsa ba, ka tambaye shi mutum nawa ne a aji, sakamako yana fitowa a kan lokaci, waɗanda suka gama bara ina suke aiki. In da hali ka je da ƙafarka ranar karatu ka ga hostal da ruwa da wuta.

In ka riga ka cike fom sannan ka ga ka fi son wata, JAMB tana ba da damar canza makaranta, ka je cibiyar CBT da aka amince da ita tun kafin makarantar ta rufe rajistar tantancewarta.