Yadda Ake Kai Intanet Da Tele Daga Soro Zuwa Soro A Damagaram

Duk wanda ya taɓa janyo waya cikin lungunan Birni ya san wuyarta: ga duwatsu, ga maƙwabcin da ba ya yarda a haƙa masa ƙofar gida. Rediyon igiyar milimita, wato na'urar da ke aika intanet ta iska ba tare da waya ba, ya raba ka da haƙa. Anten biyu ne masu kallon juna, yawanci a kan gigahaz 60 (ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo), inda tsawon igiyar milimita 5 ne kacal, amma tana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa guda.

Kafin ka sayi ko kusa, hau soro. In ba ka hango wurin da za ka kai intanet ɗin da idonka ba, ka bar zancen. Reshen dogon yaro ɗaya ya isa ya tare igiyar, kuma ka tuna icen da ka gani tsurara da rani zai cika da ganye da damina. Nisa ma kada ka yi haɗama. Iskar oksijin na shanye ƙarfin igiyar, kusan desibel 15 (ma'aunin ƙarfin sigina) a kowace kilomita, shi ya sa nake tsayawa ƙasa da kilomita 1. Wuri mai nisa, a yi masa zango a tsakiya.

Daga nan ka nemi ARCEP, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Nijar, kan batun izini. Tashoshin tele na kuɗi kuwa, sai da yardar masu su ake raba wa jama'a.

Sai kafa ƙarfen da za a ɗora anten a kai, kuma nan ne aikin yake. Na taɓa ɗaure ƙarfe a katangar ƙasa a Zango, iskar hadarin farko ta karkata shi kamar faɗin yatsa, gidaje duka suka wayi gari babu rezo. Yanzu sai na zuba siminti, na ja waya uku na ɗaure, na kuma binne wayar tsawa. Saiti mutum biyu ke yi, kowa a soronsa da waya a kunne. Ka murɗa kaɗan, ka dakata, ka karanta ƙarfin sigina, sannan ka matse noti a hankali.

Ƙurar hunturu ba ta cika damun igiyar ba, ruwan Agusta ne abokin gaba. Sayi anten mai hanya ta biyu a kan gigahaz 5, don in ruwa ya kece ya koma kai da kansa.

A ƙasa, haɗa anten ɗin da ruta, wato na'urar raba intanet, ka raba wa gidaje ta kebul ko Wi-Fi. Hoton tele ma wannan hanyar yake bi. Ka ajiye batir da faifan sola, saboda ɗaukewar wuta a watannin zafi.