Yadda Ake Shiga Ƙuri'ar Samun Lasisin Farautar Barewar Elk a Jihar Kolorado ta Amurka

Da farko ka tanadi shaidar horon farauta, wajibi ce ga duk wanda aka haifa daga 1949. Sai ka buɗe asusu a shafin Colorado Parks and Wildlife, hukumar kula da namun daji ta jihar, ka sayi lasisin share fage (wanda sai da shi ake shiga ƙuri'ar), ka zaɓi yanki. Ana rufe karɓar buƙatu ranar Talatar farko ta Afrilu.

Idan zaɓinka na farko bai fito ba, kada ka karaya, za a ba ka maki ɗaya da zai taimake ka a ƙuri'ar gaba. Wasu yankunan sai an shekara da shekaru ana tarawa.

In ka dace, don Allah ka isa da kwana uku kafin a buɗe farauta. A kan tsaunuka masu tsayin mita 3,000 numfashi ba ya isa, taku kaɗan kana haki, kai na sarawa. Ka yawaita shan ruwa, jiki ya saba tukuna.