Idan Tsohuwar Jif Ta Yanke Ƙarfi A Kan Hanya

Wajen ƙarfe biyu na rana, cikin watan Afrilu, ina dawowa daga Tambuwal, na wuce Boɗinga ke nan sai jif ɗina, ƙirar 2002, ta fara shaƙewa. Ina taka totur tana nauyi, can sai ta mutu. Na yi rabin awa a inuwar dogon yaro, da na murɗa makulli ta tashi lafiya lau. Sau uku ta yi mini haka, an kuma ce a sauke inji. Abin da ya same ta bai kai nan ba.

Farko dai ranka. Da zarar inji ya mutu kana cikin tafiya, sitiyari zai yi tauri, birki kuma taku ɗaya ko biyu ya rage maka mai taushi. Kada ka yi ta dannawa kana saki, danna a hankali ka riƙe. Kada ka zare makulli, sitiyari na iya kullewa. Kunna fitilun gargaɗi ka gangara gefe sosai, saboda tireloli.

Kafin ka buɗe bonet, dubi allurar zafi. In ta haura, bar motar ta huce. Wallahi kada ka taɓa murfin lagireto da zafinsa, na ga yaron mota da ruwan ya saɓule wa fatar hannu. Wanda kuma ya matsa wa inji mai zafi don ya ƙarasa gari, gasket zai ƙona.

In zafi daidai yake, tambayi kanka yadda ta mutu, domin nan amsar take, kuma kai kaɗai ka gani.

Wadda ta yi ta fizga tana shaƙewa kafin ta tsaya, yawanci mai ne bai isa inji ba. Kashe rediyo, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka tayar ba, ka kasa kunne wajen tanki. Famfon mai lafiyayye zai yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu. Shi famfon nan a cikin tanki yake, man da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. To mu da mai ya yi tsada muke yawo da lita biyar a zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40, dafa shi muke yi. Ga man jarka na 'yan bumburutu, wani da ruwa, wani da datti, yana toshe filta. Bakanikena da ya ciro famfona ya nuna mini, cewa ya yi: "Alhaji, kai kak kashe shi da hannunka." Gaskiya ya faɗa. Tun ranar ba na barin allurar mai ta sauka ƙasa da kwata, kuma duk wanda zai sa sabon famfo ya canza filta tare.

Wadda kuma ta ɗauke lokaci guda kamar an kashe makulli, ta ƙi tashi sai ta huce, a zargi sensan da ke karanta juyawar kuranshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji. Idan ya tsufa, zafi na sa shi yanke saƙo zuwa kwamfutar mota, ita kuma sai ta tsayar da wuta da mai. Duba kan batir ma, sako-sako kaɗai na yin haka a hanya mai gargada.

Akwai wadda ba ta mutuwa, ƙarfi kawai take rasawa. A nan ƙurar hunturu ce abar zargi ta farko. Ciro filtar iska ka ɗaga ta ga rana. In haske bai ratsa ba, ta gama aiki. Bayanta akwai sensan auna iska mai siririyar waya. Da feshinsa na musamman ake wanke shi, kada a bari yaro ya goge shi da tsumma ko fetur. In inji na karkarwa, fitilar inji na ƙyaftawa, fulogi ne ko kwayil mai ba shi wuta, kuma ci gaba da tafiya a haka na tura ɗanyen mai cikin salansa ya narkar da abin nan mai tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi. Idan ya toshe, mota za ta tashi lafiya amma ta kasa hawan ko ƙaramin tudu. Ni ba na yarda a fasa shi sai an tabbatar, domin yana da kuɗi, masu sonsa kuma suna da yawa.

Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996 duk suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Biya a jona, ka rubuta lambar da hannunka kafin a goge. P0335 sensan kuranshaf ne, P0101 na iska, P0300 wuta ce ke tsallake, P0171 kuma mai ya yi wa iska kaɗan. Lambar tana nuna inda za a duba ne kawai. Wani lokaci waya ce ɓera ya ci, sensan lafiyarsa ƙalau. Kada a cire kan batir kafin a karanta, a tsofaffin motoci hakan na share lambar.

Idan za ka kai ta gareji, kai ta da rana tsaka bayan ta yi tafiya, ka faɗi kilomita nawa take yi kafin ta fara, da inda allurar mai take a lokacin. Tawa da safe aka yi ta gwada ta har sau biyu ana ce mini ba ta da komai, sai da na ɗauki bakaniken muka nufi hanyar Kware da azahar, ta mutu yana zaune a ciki.