In intanet ɗin gida na jan ƙafa

Jama'a, kafin a ɗora wa kamfanin layi laifi, a fara aunawa. Ku buɗe fast.com ko Speedtest, shafukan auna saurin intanet, ku gwada dab da na'urar Wi-Fi, sannan ku shiga ƙuryar ɗaki ku sake. In yana gudu a kusa amma ya mutu a ciki, matsalar ta gida ce. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni tana shanye sigina. A ɗaga na'urar sama kusa da taga, a daina cusa ta bayan talabijin. In tana da zangon sigina biyu, 2.4GHz da 5GHz, na farkon ya fi ratsa bango, na biyun ya fi sauri amma sai a kusa.

A gwada kuma da asuba da bayan isha'i. A Samaru da Kongo da ke Zariya, inda ɗalibai suka yi yawa, da dare kowa na kan eriya ɗaya. Wannan kam kashe-kunna ba ya maganinsa, sai dai a jarraba layin wani kamfani.

Ku duba su wa ke haɗe, don yaran maƙwabta sun iya haddace fasuwod. In kun kai ƙorafi ba a kula ba, ku kira hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, a 622, kyauta ne.